Randar Dada

Tungar Rufa'i,
ta Fakku, Kebbe.
3 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya damina a Tambuwal? Mu nan ruwa ya zauna sosai, gero ya fi mutum tsawo, hanya kuwa ta lalace har Ɗan'iya mai babur, wanda zai miƙa miki wannan, sai ya sauke fasinja sau uku kafin ya kai Kebbe.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Sabis a garin nan sai an hau tudun bayan makaranta, kuma duk wanda ya hau, rabin gari na jin abin da yake faɗa. Maganar da ke cikina ba ta kan tudu ba ce.

Kin tuna bara da aka haƙa mana burtsatse mai sola, aka ce gari ne zai riƙe abinsa. An kafa kwamiti, Malam Lauwali ne shugaba, aka ce dole a sa mace ɗaya. Da yake ni ce na taɓa leƙa sakandare, sai aka nuna ni. Ni ke buɗe famfo bayan asuba da bayan la'asar, ni ke tara mata mu wanke tanki ranar Asabar, ni ke zuba maganin ruwa. Sun kuma ba ni wasu 'yan kwalabe na gwaji. A zuba ruwa a rufe, a ajiye kwana biyu. Idan ya yi baƙi, to akwai ƙazantar bayan gida a cikinsa. Matan gari yanzu Likitar Famfo suke ce mini, ni ma har na fara amsawa.

To, makon jiya aka yi wani ruwa da ya zubar da bakin tsohuwar rijiyar Baba, marigayi surukina. Duk ruwan da ya wanke turken shanu da bayan gidaje, can ya gangara. Na ɗebo na gwada. Yaya, kwalbar ko kwana biyun ba ta jira ba, ta koma kamar tawada.

Na kai ta zaman kwamiti a zauren Malam Lauwali. Kowa ya karɓa ya ɗaga ta a haske ya girgiza kai. Kowa ya yarda ruwan ya ɓaci. Amma da aka zo maganar rufe rijiya, sai kowa ya noƙe. Baba da hannunsa ya haƙa ta shekara arba'in da suka wuce, ya ce sadaka ce, kuma mutane na ganin rufe ta yanke wa mamaci lada ne. Malam Lauwali ya ce, “Wa ka iya faɗa ma Dada a rufe rijiyar mijinta? Ni dai ba ni iyawa.” Sai duk suka juyo suka dube ni, sannan suka tuna matar ɗanta ce ni, suka mayar da ido ƙasa. Haka aka tashi. Maza tara, ba wanda ya iya tunkarar tsohuwa ɗaya. An dai sa mai shela ya ce a riƙa shan na famfo, wasu suka ji, wasu suka ce layi ya yi musu tsawo.

Dada kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kai ruwan famfo bakinta ba. Ta ce ruwan da ya wuni a tanki yana gasuwa a rana ba ruwan sha ba ne. Kullum da safe, da tsufanta, sai ta ɗauki gugarta ta ja da kanta, ta cika randarta ta ƙofar ɗaki. Ba zan yi mata ƙarya ba, randar nan akwai sanyi.

Daga randar nan 'yar Dada take sha. Kin san wadda nake nufi. Tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, yadda ake yi da 'yar fari, kuma har yau Allah bai ba ni wata ba. Shekararta uku da rabi, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goya ta a tsakar gida ba. Idan ta faɗi, sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. Jiya sau uku na ga Dada ta fita da ita bayan ɗaki, yau sau biyar. Ina daka ina ƙirgawa, ba ni da bakin tambaya.

Ƙanin naki, maigidana, ya bi motar shanu zuwa Kudu, sai ƙarshen wata. Ko yana nan ma me zai yi? Kunyar da ta ɗaure ni shi ma ta ɗaure shi, ga ta uwa a kai.

Ki ba ni shawara, Yaya. Ke kin riga ni shiga irin wannan. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki ƙanwa,
Ni'imatu.

Tungar Rufa'i,
11 ga Agusta.

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida, da fatan kowa na lafiya. Takardarki ta zo, da kuma ƙullin gishiri da sukari na asibiti da kika haɗo. Allah ya saka da alheri. Kin ce in yi haƙuri, kada in zubar da mutuncin gidanmu a gaban suruka, in nemi dabara. Na nemi dabarar. Ki karanta ki ji abin da ta haifar.

Da farko, an yi mana rasuwa. Abdulganiyyu, ɗan maƙwabciyata Khadijat, wanda bai cika shekara biyu ba. Amai da gudawa suka kama shi ranar Laraba, kafin la'asar ɗin Alhamis an kai shi makwancinsa. Gidansu ya fi kusa da rijiya, can suke ɗiba. Na je gaisuwa na kasa haɗa ido da uwarsa, don kwalbar nan tana ƙarƙashin gadona tun kafin ya kwanta.

Ranar sadakar uku Dada ta tafi gidan makoki da yarinyar a bayanta. Gida ya rage ni kaɗai. Na kwashe ruwan randarta kaf na zubar a bayan danga, na wanke ta da toka, na cika ta da na famfo. Da na tsaya a nan, da wataƙila ba ta gane ba. Amma tsoro ya sa na ce randar ta daɗe da ƙazanta, bari in ƙara mata maganin ruwa. Na zuba, na ga kamar bai isa ba, na ƙara. Ni da nake koya wa mata awo, ni ce na zuba ninki uku.

Da Dada ta dawo ta ɗebi moɗa guda, ko haɗiyewa ba ta yi ba ta furzar. Ta sunsuna randar, ta yi salati da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Tana cewa, “An sa min abu cikin randa! Wanda yac ci ɗan Khadi, shi na ya biyo ɗiyata!” Ita ba ta san warin maganin ba, tunda ba ta taɓa zuwa kusa da famfo ba. Matan da suka san shi kuwa, kafin su matso ta riga ta tuntsurar da ruwan a ƙasa. Ina tsaye da muciya a hannu. Nan ne wurin da ya kamata in ce ni ce. Na koma madafa kamar ban ji ba.

Tun daga ranar Dada ta ɗauke randar ta shigar da ita cikin ɗaki, ta sa kwaɗo a ƙofa. Ta ja wa yarinyar kunne, kada ta karɓi komai daga hannun kowa, ko ruwa ko tuwo, sai daga hannunta. Ruwan gishiri da sukarin da na dama na ajiye mata a bakin ƙofa, ta zubar da shi ta binne kwanon. Ta jiƙa sassaƙe da ruwan rijiya, ta karɓo rubutu aka wanke allon da ruwan rijiya. Duk abin da take yi don ta ceci yarinyar, daga ramin nan yake fitowa. Kuma wallahi tana son ta, ta rame saboda ita, ko goro ta daina ci.

Har an fara tsegumi a kan Maryama mai nono, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, don kawai an ga ta shigo da ƙwaryarta a ranar. Jiya ta zo, ba wanda ya saya.

Dā ina ganin yarinyar tana wasa a tsakar gida, in sace kallonta ta gefen ido. Yanzu kwana biyu ke nan ba ta fito ba. Sai dai in ji muryarta ta cikin ɗaki, ita ma tana raguwa. Ina buɗe wa gari famfo safe da yamma, ina yi wa matan mutane faɗa a kan wanke jarka, 'yar cikina kuwa taku goma daga ƙofata tana shan ruwan kwatami. Ina jin haushin kwamiti, ina jin haushin Dada, amma wanda na fi jin haushinsa ni ce.

Kada ki yi fushi da abin da zan tambaye ki. Lokacin da ɗanki na fari ya kwanta a ɗakin surukarki a Jabo, ina ƙarama amma ina tunawa. Kina ta surfe har aka fito da gawarsa, ba ki yi kuka ba, mata suna ta yabon kunyarki. Yaya, da za a mayar da ke ranar, haka za ki sake yi?

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ni'imatu.

Asibitin Kebbe,
13 ga Agusta.

Yaya,

Sallama da gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yafe rubutun, a kan gwiwata nake yi, Ɗan'iya na jira.

Na zubar da mutuncin da kika ce in riƙe. Jiya da hantsi Dada ta buɗe ƙofa don mata biyu da suka zo dubiya. Na hango yarinyar a kan tabarma. Idanunta sun faɗa ciki, leɓenta ya bushe, tana kuka ba hawaye. Abin da aka koya mana ke nan a kwamiti, cewa idan an ga haka ba a jira. Ban san lokacin da na ɗauko kwalbar na shiga ɗakin ba, ɗakin da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba tun da aka kawo ni gidan.

Na durƙusa na ce ni ce na taɓa randar, ba Maryama ba, ba maye ba, kuma maganin famfo ne na zuba. Na ajiye baƙar kwalbar a gabanta na ce wannan ruwan rijiyar Baba ne, shi ya kashe ɗan Khadijat. Sannan na kira yarinyar da sunanta, da ƙarfi, a gaban kakarta da baƙi. Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Na ɗauke ta na goya, na ratsa tsakiyar gari da rana tsaka har inda babura ke tsayawa. Dada ba ta riƙe ni ba.

An sa mata ƙarin ruwa da ƙyar, sai da aka nemi jijiya a ƙafa. Ta buɗe ido. Amma ma'aikaciyar ta ce ƙarin ruwan ba zai wadatar ba, dole ta riƙa sha da baki kaɗan-kaɗan. Ga inda na maƙale. Ta ƙi karɓa daga hannuna. Na kai kofi bakinta, ta datse haƙora ta juya kai, ta ce Dada ta hana. Ni'ima take ce mini, yadda take jin mutanen gida na faɗa. Ba ta san ni ce na haife ta ba, Yaya, kuma ni na koya mata hakan. Ma'aikaciyar ma ta gwada, ta ƙi. Dada kawai take kira.

Na ce wa Ɗan'iya ya biya ta gida kafin ya wuce wurinki, ya faɗa wa Dada abin da ya gani. Ban sani ba ko za ta saurare shi bayan abin da na yi mata. Idan ƙafarki za ta bari, ki zo.

Ni'imatu.

Tungar Rufa'i,
22 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da maigidan da yara. Na ji ƙafar ta sake tashi, shi ya sa ba ki zo ba. Allah ya sauwaƙe, kada ki damu. Ɗan'iya ya ce da kika karanta takardata ta ƙarshe kin shiga ɗaki kin daɗe, kika fito ba ki ba shi amsa ba. Ban ji haushi ba.

Mun dawo gida shekaranjiya. Tana raye, Yaya. Bari in fara da wannan.

A ranar da na rubuta miki, bayan azahar, ina zaune da kofi a hannu na rasa yadda zan yi, sai na ga an ɗaga labule. Dada ce, zanenta duk taɓo har gwiwa. Matar da ta rantse ba za ta taɓa hawa babur ba, ta ce abin hawan marasa haƙuri ne. Ɗan'iya ya ce tun daga gari har Kebbe ta riƙe masa riga tana salati, har ta yage masa aljihu.

Ba ta dube ni ba. Ta zauna a bakin gado, ta miƙo hannu, na ba ta kofin. Ta sunsuna. Ta tambayi ma'aikaciyar, ba ni ba, ko wane ruwa ne, aka ce mata na famfo ne da gishiri da sukari. Ta ɗaga ta shanye rabi. Ta zauna tana jira, kamar mai son ta ga ko za ta faɗi. Da ta ga ba abin da ya same ta, sai ta tallabo kan yarinyar ta ce, “Sha, ɗiyata. Na sha, ba komi.” Yarinyar ta buɗe baki. Na fita waje na jingina da bango na yi kukan da ban damu da wa ke kallo ba.

Kwana bakwai Dada na ba ta da cokali, ni ina damawa ina miƙawa. Haka muka yi aiki tare ba tare da kalma ɗaya ta shiga tsakaninmu ba.

Jiya da safe ta ɗauki gugarta da igiya, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Ashe zauren Malam Lauwali ta nufa. Ta ajiye gugar a gabansa, a gaban mutane, ta ce, “Rijiyar marigayi ba a cike ta da ƙasa ina da rai. Ku gina mata baki, ku sa marfi, ku yi kwami shanu su sha. Ladar dabba ma lada ta. Amma kar in ƙara ganin ɗiyan mutane na sha.” Abin da maza tara suka kasa, ta gama shi a numfashi ɗaya. Yau an fara kawo bulo. Na je da kaina na nemi gafarar Maryama mai nono, ta yi dariya ta ce sai na sayi nonon kwana uku.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Har yanzu idan na gaishe da Dada ba ta amsawa. Da asuba dai na tarar da jarka babu komai a ƙofar ɗakina, randarta kuma an fito da ita waje an buɗe marfin. Na gane. Na cika ta da na famfo, da awo daidai wannan karon. A bakin famfo mata sun daina ce mini Likita. Ina jin abin da suke ce mini yanzu idan na juya baya, marar kunya da ta goya 'yar fari a tsakiyar gari. Ƙanin naki bai dawo ba tukuna, ban san da wane ido zai dube ni ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. Wanda ya tsaya mini a wuya Khadijat ce. Tana zuwa ɗibar ruwa, ta ajiye jarkarta a layi, ta tsaya nesa. Ta ji abin da na faɗa a ɗakin Dada, ta kuma ƙirga kwanakin. Kwalbar ta yi baƙi kwana takwas kafin ɗanta ya rasu. Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma na kuma san sai da abin ya zo kan tawa sannan bakina ya buɗe. Ban san ranar da zan iya duban ta ba.

Yarinyar ta koma ɗakin kakarta, can ne wurinta, ban ce a ba ni ita ba. Ƙafafunta sun zama kamar sillen kara, amma tana cin kunu. Ɗazu ina wanke-wanke ta fito tana dafa bango, ta tsaya a kaina, ta ce Ni'ima ba ni ruwa. Dada na zaune a ƙofa tana jin ta. Na dubi Dada, ta kau da kai. Na ɗebo a moɗa na durƙusa na ba ta, ta sha daga hannuna.

Yaya, tambayar da na yi miki, ba sai kin amsa ba. Amma shekara goma sha bakwai ke nan ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinki ba. Idan kin ga dama, ki rubuto mini shi a takarda, ni kaɗai zan gani, in riƙa sa shi a addu'a da sunansa.

Ki gaishe da kowa da kowa. 'Yarki tana gaishe ki. Sunanta Nasiha.

Taki har kullum,
Ni'imatu, uwar Nasiha.